Yadda ake neman takardun hukuma a meri (ofishin magajin gari a Kamaru) da yadda ake adana su

Shekarun baya aka haƙa mana rijiyar burtsatse a unguwa, wadda muke kira foraj. Ranar da aka buɗe ta mata sun rangaɗa guɗa, yara sun jiƙe sharkaf. Wata huɗu da yin haka famfon ya fara tofar da laka, daga baya ya ƙafe ƙaf. Muka zauna gindin darbejiyar ƙofar masallaci bayan La'asar muna ta ka-ce-na-ce. Wannan ya ce kuɗin komin ne, wato ƙaramar hukuma, wancan ya ce wata ƙungiyar agaji ce ta bayar, wani ya rantse ɗan majalisa ne ya yi daga aljihunsa. Kawuna, wanda ya girme mu duka, ya saurara har muka gaji, sannan ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi lekol, ina takardar?"

Na ce, "Wace takarda, Kawu?"

Ya ce, "Hukuma ba ta haƙa rami sai ta rubuta. Je ka nemo mana abin da ta rubuta."

Sai da na fi shekara ina yawo, domin ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Ranar da takardar kwangilar ta shigo hannuna na ga an rubuta cewa ɗan kwangila ne zai gyara duk abin da ya lalace cikin wata goma sha biyu bayan karɓar aiki. Wa'adin ya riga ya wuce. Matan unguwarmu sun ci gaba da sayen ruwa a jarka saboda takarda mai shafi kaɗan da ke kwance a cikin kabad, tafiyar minti ashirin daga gidajensu. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake rubuta wannan don mutanenmu na Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusuri da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Da farko ka san abin da doka ta ba ka

Kamaru ba ta da doka guda ta musamman kan 'yancin samun bayanai irin wadda Najeriya ta kafa a 2011, mai tilasta wa ma'aikata ba da amsa cikin kwana 7. Duk da haka ba mu rasa madogara ba. Dokar 90/052 ta 19 ga Disamba 1990, a sashe na 49, ta ce duba takardun gwamnati a buɗe yake sai inda wata doka ta hana. Dokar 2018/011 ta 11 ga Yuli 2018 ta wajabta bayyana wa jama'a yadda ake sarrafa kuɗin gwamnati. Wadda ta fi yi mana amfani ita ce dokar ƙananan hukumomi, lamba 2019/024 ta 24 ga Disamba 2019. Sashenta na 40 ya ce duk mazaunin komin, ko mai biyan haraji a cikinta, yana da damar neman a nuna masa ko ya ɗauki kwafi, duka ko wani yanki, na bayanan zaman majalisar komin, kasafin kuɗi, tsarin raya gari, lissafin kuɗin da aka kashe da umarnin da magajin gari ya sa wa hannu. Kuɗin kwafin a kanka yake.

Ka rubuta wannan lamba a ƙaramar takarda ka sa a aljihu: 2019/024, sashe na 40. Mutumin da ya ambace ta a gaban tebur, ana yi masa wani kallo dabam da wanda ya zo yana cewa "na zo ne in ji labarin rijiyarmu".

Mataki na farko: sanin sunan takardar da wanda ke riƙe da ita

Nan ne na ɓata wata shida. Ofis ba ya amsa tambaya mai faɗi. Idan ka ce kana son sanin yadda ake kashe kuɗin gari, za a yi maka murmushi a ce ka dawo gobe. Dole ka kira takardar da sunanta na Faransanci, da shekararta.

In abin da aka yi niyyar kashewa kake so, sunansa budget communal, kuma majalisar komin ce ke amincewa da shi a ƙarshen shekara don shekara mai kamawa. In abin da aka kashe a zahiri kake so, compte administratif za ka nema, wanda ake kawowa gaban majalisa a farkon watannin shekarar da ta biyo baya. Waɗannan biyun kamar awo da mudu ne, ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya: na farko alkawari, na biyu cikawa. Abin da kansiloli suka tattauna yana cikin procès-verbal na zaman. Jerin buƙatun kowane ƙauye da unguwa, da aka tattara aka jera bisa muhimmanci, yana cikin plan communal de développement, wanda kowa ke kira PCD.

Ayyukan da gwamnatin tsakiya ke ba da kuɗinsu, irin su azuzuwan makaranta, ɗakin shan magani da rijiyoyi, suna cikin kasafin da ake kira BIP. Ma'aikatar tattalin arziki da tsare-tsare, MINEPAT, tana fitar da jerinsu a farkon kowace shekara da sunan journal des projets, jiha-jiha, har zuwa sunan gari da adadin kuɗi. Shi kuwa aikin kansa yana da takardar kwangila. A tsarin kwangilolin gwamnati na 2018, aikin da ya kai sefa miliyan 5 amma bai kai miliyan 50 ba ana ba da shi ne da lettre-commande, kuma yawancin rijiyoyi da azuzuwan ƙauye a nan suke faɗawa. In an gama, kwamiti ya je ya duba ya sa hannu a procès-verbal de réception. Akwai karɓar wucin gadi, akwai ta ƙarshe, kuma tsakaninsu ne wa'adin garanti yake, galibi shekara ɗaya. A wannan tsakanin ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, har zuwa kashi 10 cikin ɗari, don in aiki ya lalace a sa shi ya gyara. Ranar da ke jikin takardar karɓar wucin gadi ita ce ranar da ya kamata mutanen unguwa su fi sani. Ita ce muka rasa.

Wani abin da ke sauƙaƙa nema: takardar hukuma ba ta zama tilo. Kasafin komin sai perefe, wakilin gwamnatin tsakiya a yankin, ya amince da shi, don haka akwai kwafi a ofishinsa. Kowane kansila yana samun nasa kafin zama. In kuɗin daga FEICOM ya fito, asusun da ke tallafa wa ƙananan hukumomi, su ma suna da dosiye. In ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa, akwai ta biyu.

Mataki na biyu: kwashe abin da ke fili tukuna

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, je ka tsaya gaban allon sanarwa na meri. Yawanci yana baranda, bayan ragar waya ko gilashi mai ƙura, takardu a kan takardu, na ƙasa sun yi ja saboda rana, gefensu ya nannaɗe saboda iskar hunturu. Mutane na wucewa ba sa ko kallo. A nan ake manna kiran neman 'yan kwangila, sakamakon wanda ya ci, da taƙaitaccen bayanin zaman majalisa. Ka gaida mai gadi, ka gaya masa za ka ɗauki hoton sanarwa, sannan ka ɗauka shafi-shafi. Takardar da ka gani yau, mako mai zuwa wataƙila an ɗora wata a kanta ko ruwa ya wanke ta.

Daga nan ka je wurin aikin. Allon da ake kafawa a bakin aiki yana ɗauke da sunan aikin, hukumar da ta bayar, inda kuɗin ya fito, kamfanin da ke yi, tsawon wa'adi, sau da yawa har da lambar kwangila. Ka ɗauki hotonsa tun ranar da aka kafa shi, domin da an gama aiki wani zai tuge shi ya yi ƙyauren bayan gida.

A intanet, shafin fadar shugaban ƙasa, prc.cm, da na firaminista, spm.gov.cm, suna sa dokoki da umarni. Hukumar sa ido kan kwangiloli, ARMP, tana wallafa sanarwar kwangiloli a armp.cm. Jaridar Cameroon Tribune ita ma tana buga da yawa daga cikinsu. Zaman majalisar komin kuma a buɗe yake ga jama'a sai in an yanke a yi shi a asirce, kuma ana yin na yau da kullum sau ɗaya a wata uku. Ka tambayi kansilan unguwarku ranar zama na gaba, ka je ka zauna a baya da littafinka, ba ka magana, sai saurare da rubutu.

Mataki na uku: wasiƙar

Gajeriya ce, shafi ɗaya. A sama ta dama sunan gari da kwanan wata. Ta hagu sunanka, unguwarku da lambar wayarka. Sai wanda kake aika wa, wato magajin garin komin ɗinku da muƙaminsa. A layin da ake kira objet ka rubuta: Demande de communication de documents. A cikin wasiƙar ka faɗi cewa kai mazaunin komin ne, ka ambaci sashe na 40 na dokar 2019/024, ka jera takardun da kake so da shekarunsu, ka ce a shirye kake ka biya kuɗin kwafi. Ka sa hannu, ka haɗa da fotokofin katin ɗan ƙasa.

Kada ka jera takarda goma a wasiƙa ɗaya. Biyu ko uku sun isa, in an ba ka sai ka sake rubuta wata. Kada kuma ka sa zargi ko ɗaya a ciki, ko da zuciyarka na tafasa. Wasiƙar da ta ce "mun san an ci kuɗin" a tebur na farko take mutuwa.

Wanda bai iya Faransanci ba ya je shagunan buga takardu da ke kewaye da ofisoshi, amma ya sa a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu a Mubi ko Yola su sani Ingilishi ma harshen hukuma ne a duk faɗin ƙasar, kuma dokar 2019/019 ta ba su damar rubutawa da shi. Ka tambaya a meri wane tambur ake mannawa. Na komin a ofishin karɓar kuɗin komin ake sayen sa. Na gwamnati, timbre fiscal, ya koma sefa 1,500 tun 2023. Kada ka saya a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa.

In da hali, a rubuta da sunan kwamitin unguwa ko ƙungiyar iyayen yara, mutum uku su sa hannu, a kuma sanar da lawan ko jauro ko sarkin Hausawa kafin a kai. Ba izininsu doka ta nema ba. Amma in labari ya iske su daga sama ba su ji daga bakinku ba, kun sayi rigimar da ba ta da amfani.

Mataki na huɗu: desharj

In za ka manta da komai a wannan rubutu, kada ka manta da wannan. Ka buga wasiƙar kwafi biyu. Ka kai ta ofishin karɓar wasiƙu, wanda ake kira service du courrier, ba hannun wani sananne da zai ce "bar ta wurina" ba. Ma'aikacin zai buɗe babban littafi mai layi-layi, ya rubuta wasiƙarka, ya ba ta lamba. Sai ka miƙa masa kwafi na biyu ka ce ya yi maka décharge. Zai buga hatimi a kai, ya sa kwanan wata da lambar da sa hannunsa, ya mayar maka. Kafin ka bar tagar ka duba da idonka: kwanan watan ya fito sosai? Lambar tana karantuwa? In tawadar hatimin ta bushe, ka roƙe shi ya rubuta da biro a gefe.

Ranar da na fara yin haka, ma'aikaciyar da ke wurin, dattijuwa mai tabarau, ta karanta wasiƙar har ƙarshe ta ɗago ta ce, "Ɗana, wa ya aiko ka?" Na ce, "Hajiya, mutanen unguwa ne, ruwa muke nema." Ta yi shiru, ta buga hatimin da ƙarfi, ta ce, "Riƙe wannan da kyau. In ta ɓata, ba ka taɓa zuwa nan ba." Gaskiya ta faɗa mini. Zuwan da na yi sau bakwai kafin wannan rana, da baki kawai, babu inda ya bar sawu.

Ofisoshi suna aiki Litinin zuwa Juma'a, daga 7:30 zuwa 3:30 na rana. Safiyar Talata ko Laraba ta fi. Juma'a da hantsi kowa hankalinsa na masallaci.

Mataki na biyar: bibiya

Ma'aikacin da ya ce ba zai iya ba ka komai ba sai da izini, ba lalle mugunta ce ba. Dokar aikin gwamnati ta ɗora masa riƙe sirrin ofis, kuma in ya fitar da takarda ba da umarnin na sama ba, shi zai kwana a ciki. Don haka kada ka matsa wa ƙaramin ma'aikaci. Tambayarka gare shi ɗaya ce: wasiƙa mai lamba kaza, teburin wa take yanzu? Yawanci daga magajin gari take sauka wurin babban sakataren meri, shi ne mai riƙe da takardu. Bayan mako biyu ka nemi ganinsa, da desharj a hannu, ka yi gaisuwa yadda ta kamata: "Ranka ya daɗe, na zo bin sawun wasiƙarmu."

In an ce takardar ta yi kauri, ka nemi a bar ka ka karanta a wurin, ka zaɓi shafukan da kake so. In za ka biya kuɗi, ka karɓi rasit. Wanda ya nemi na goro kafin ya nuna maka abin da doka ta ba ka, kada ka ba shi. Hukumar yaƙi da cin hanci, CONAC, tana da lambar kira kyauta, 1517.

In wata guda ya wuce shiru, ka rubuta wasiƙar tuni, ka ambaci lamba da ranar ta farko, ka aika kwafi ga perefe, nan ma ka karɓi desharj. In an ƙi, ka roƙa a rubuta maka dalili. Sau da yawa wannan roƙon kaɗai ya isa takarda ta fito, domin ƙi da baki ya fi ƙi a rubuce sauƙi. Bayan wannan akwai hanyar shari'a. Sai ka fara rubuta wa hukumar ƙorafin da ake kira recours gracieux. In ta yi wata uku ba amsa, doka ta ɗauka ta ƙi, kana da kwana 60 ka kai ƙara kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, kuma akwai ta a Garwa da Marwa da Ngaundere. Wannan matakin a nemi lauya, domin kuskuren kwana ɗaya na iya rushe ƙarar. A ganina, a mafi yawan lokuta ba a kaiwa nan. Haƙuri da desharj da kansila ɗaya mai kishin unguwa sun fi saurin kawo takarda.

Akwai abin da ba a nema: duk abin da ya shafi soja da tsaro, musamman a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, da dosiyen wani mutum, da binciken da ke gaban kotu.

Takardun gidanka ma a hannun hukuma suke

Takardar haihuwa da ke hannunka reshe ce, tushenta yana cikin littafin cibiyar da aka yi ta, abin da ake kira souche. Ka je wannan cibiya tun ba ka shiga matsi ba ka tabbatar tushen yana nan, kuma suna da kwanan wata sun yi daidai da na hannunka. Ana ba da shaidar hakan a rubuce. Mutane da yawa sai ranar jarrabawar shiga aiki ko neman fasfo suke gano cewa takardar da suka riƙe shekara ashirin ba ta da tushe. In littafin meri ya lalace, a bincika a ofishin magatakardan kotu da kuma BUNEC, hukumar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ƙasa, domin ana ajiye kwafin littattafan a can. Jariri a yi masa rajista cikin kwana 90. In an yi sakaci har lokaci ya ja, sai an bi ta kotu an samo jugement supplétif, kuma duk malamin firamare a Arewa ya san yaran da ke kaiwa aji shida su tsaya cak a bakin jarrabawar CEP ta kammala firamare saboda wannan.

Fili kuwa, takardar da lawan ko jauro ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ita ce titre foncier ba, wato taitil, takardar mallakar fili ta hukuma. Kafin ka ba da ko dala a kan fili mai taitil, ka je ofishin conservation foncière na yankin, mai riƙe da rajistar filaye, ka nemi certificat de propriété. Shi zai nuna maka sunan mai filin a yau, da ko an jinginar da shi. Cinikin irin wannan fili kuma a gaban notaire, jami'in da ke rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita, doka ta ce a yi shi.

Mataki na shida: adanawa

Samun takarda rabin aiki ne. Abokan gabarta a ƙasarmu huɗu ne: gara, ruwa, wuta da zafi. Na ga adakar wani dattijo da aka buɗe bayan rasuwarsa. Daga waje lafiya lau, an lulluɓe ta da darduma. Ciki kuwa gara ta shigo ta ƙasa inda ƙarfen ya yi tsatsa, ta gina gidanta a tsakiyar takardun gona, abin da ya rage sai gefe-gefe da rabin hatimi. Magada suna kuka biyu, na rashin uba da na gonar da ba za su iya karewa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a bakin Binuwai, ko ta 2024 a Yagwa da Maga da Kusuri, ya san ruwa ba ya ba mutum lokacin neman takarda. Haka waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga ƙauyukan kan iyaka, da yawa da rigar jikinsu kaɗai suka fito.

Ga yadda nake yi. Takardar asali ba ta yawo. Ana yi mata fotokofi, a kai wa superefe, wakilin gwamnati da ke ƙarƙashin perefe, ko magajin gari ya buga mata hatimin copie certifiée conforme, ita ce ke zuwa ofisoshi. Kada a manne ta asali cikin roba da injin zafi. Zafin yana cin tawada, robar ba ta ɓaruwa, kuma akwai ofisoshin da ke ƙin karɓar takardar da aka yi wa haka domin ba a iya duba hatiminta. A sa ta cikin jakar roba mai buɗaɗɗen baki, a miƙe, ba a ninke ba. A cire ƙusar sitefula da duk wani ƙarfe, domin damina ɗaya ta isa ya yi tsatsa ya huda takardar. Rasit ɗin da injin ke bugawa a siririyar takarda mai sheƙi yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin Garwa, don haka a yi masa fotokofi ranar da aka karɓe shi. Akwatin ya zama na ƙarfe, a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga bango, kada ya kasance ƙarƙashin inda kwano ke yoyo ko kusa da madafa. A garuruwan bakin Logon, a rataye shi sama.

Sannan hoto. Ka shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, ka goge idon kyamara, ka tsaya daidai samanta, kusurwa huɗu su fito, hatimi da sa hannu su karantu. In shafuka da yawa ne a haɗa su su zama PDF ɗaya. Ka ba fayil ɗin suna mai ma'ana, shekara a gaba, misali "2024 kasafin komin" ko "2023 karɓar aikin rijiya". In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto yana rage masa kyau har ƙananan lambobi su dushe.

Kwafin ya zauna wuri uku: a wayarka, a katin memori ko filas da ke gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa, da kuma imel ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Kada ka dogara da intanet kaɗai. A 2017 an yanke shi kusan wata uku a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, kuma maƙwabtanmu na Chadi sun yi wata 16 ba kafofin sada zumunta daga Maris 2018. Kalmar sirrin imel ɗin a rubuta ta a ba mutum ɗaya amintacce, domin waya na faɗawa ruwa, mai ita ma yana mutuwa.

Shafukan gwamnati na intanet su ma suna ɓacewa. A sake wa ma'aikata suna, ko a sabunta shafi, sai ka nemi jerin ayyukan bara ka rasa. In ka ga takarda a shafin hukuma, ka sauke ta nan take, kada ka ajiye adireshin kawai. Sannan ka buɗe web.archive.org, rumbun da ake kira Wayback Machine, ka liƙa adireshin a gurbin Save Page Now. Zai ajiye hoton shafin da ranar da aka ɗauka, kowa kuma zai iya dubawa ko bayan an goge na asali. In kana neman shafin da ya riga ya ɓace, ka liƙa tsohon adireshinsa a can, wataƙila wani ya riga ka ajiyewa. Takardun da suka tsufa sosai kuwa, irin na zamanin Jamus da Faransa, gidan adana takardun ƙasa da ke Yawunde da reshensa na Buya ake nufa.

Kafin ka yaɗa

In takarda ta shigo hannu, a fara karanta ta a zaure, a fassara wa mutane da Hausa da Fulatanci, layi-layi. A gwada kasafi da lissafin kashewa, a gwada kwangila da abin da ido ke gani: zurfin rijiya, yawan benci, kaurin kwano. In an ga bambanci a rubuta wa magajin gari tambaya, a haɗa da kwafi, a karɓi desharj. Wani lokacin akwai bayani, kamar kuɗin da aka sa a kasafi amma bai sauko ba. Kada a ɗora sunan mutum a Facebook a kira shi ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta 2010 tana hukunta mai yaɗa labarin da ba zai iya kawo hujjarsa ba, kuma ko ba doka, mutuncin mutum ba abin wasa ba ne. In za a sa takardar a zauren WhatsApp na unguwa, a rufe lambobin waya da na katin mutane da ke jiki.

Mu yanzu muna da littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi. Kowace takarda da ta shigo ana rubuta sunanta, ranar da aka samo ta, daga wane ofis, da wanda ya karɓo. Wanda ya ara ya sa hannu, kuma fotokofi ake ba shi. Akwatin yana zauren liman a kan bulo huɗu, makulli ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin shugabar ƙungiyar mata. Duk watan Afrilu, kafin ruwan farko, muna fito da komai mu kakkaɓe, mu duba ƙasan akwatin da fitila, mu kunna filas ɗin a kwamfuta mu tabbatar yana buɗewa. A shafin farko na littafin an rubuta ranar da aka karɓi sababbin azuzuwa biyu na makarantar unguwa, da ranar da garantinsu zai ƙare, da jan biro.